Yadda Za Ka Sayi Motar Lantarki Ta Hannu Yanzu Da Farashinta Ya Karye

Daga 2023 zuwa yau, motocin lantarki na hannu sun yi faɗuwar farashin da motocin fetur ba su yi ba a kasuwannin Amurka da Turai. Kafin ka kira dillali, ka san dalilin faɗuwar, domin mai sayarwa zai ce maka garaɓasa ce, maƙwabcinka kuma zai ce ai Turawa sun gano ba ta da kyau ne suke zubarwa. Duka biyun ba su faɗi gaskiyar lamarin ba.

A watan Janairun 2023 kamfanin Tesla ya zabge farashin sababbin motocinsa, wasu da kusan kashi 20 cikin ɗari. Idan sabuwa ta sauka, dole ta hannu ta bi ta. Shekara guda bayan haka, Hertz, kamfanin ba da hayar motoci, ya sanar zai sayar da motocin lantarki kimanin 20,000, suka kwararo kasuwa kusan lokaci ɗaya. Ga kuma motocin da mutane suka karɓa haya na shekara biyu ko uku suna ta komawa hannun dillalai. Batirin kansa ya yi sauƙi: ƙiyasin kamfanin bincike na BloombergNEF ya nuna matsakaicin farashinsa ya sauko daga dala 139 kan kowane yunit (kilowat-awa ɗaya, irin wanda mitar wuta ke ƙirgawa) a 2023 zuwa dala 115 a 2024. Sannan duk sabon samfuri yana fitowa da dogon zango da saurin caji, sai na shekara uku baya ya zama tsohon yayi alhali lafiyarsa ƙalau.

Ke nan yawancin faɗuwar ta kasuwa ce, kuma akwai motoci masu kyau a farashi mai sauƙi. Sai dai a cikinsu ne ake cusa waɗanda batirinsu ya gaji, da waɗanda ruwa ya ci. Aikinka shi ne ka bambance.

Fara da gidanka

Mutane da yawa sukan zaɓi mota su biya, sai ta iso ƙofar gida a fara tunanin inda za a jona ta. Ka juya lissafin. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100. Ka ɗauki 17, ka ƙara kashi 10 cikin ɗari na wutar da ke salwanta wajen caji, ka samu kusan yunit 19. Idan kana kan layin Band A, inda yunit ya haura naira 200 tun Afrilun 2024, tafiyar kilomita 100 za ta ci maka wajen naira 4,000. Motar fetur irin Corolla tana shan kusan lita 8 a wannan tafiya. Ka ninka da farashin lita a gidan man unguwarku ka ga ratar da kanka.

Wannan ribar tana tsayuwa ne kawai idan wutar ta mita ce ko ta sola. Ƙaramin janareton fetur ba ya ba da abin da ya wuce yunit biyu ko kusa da haka a kan lita ɗaya, don haka yunit 19 za ta cinye lita tara zuwa goma. Ka kewaya ka dawo inda kake, har da ƙarin hayaƙi. Wanda zai dogara da janareto kullum, gara ya haƙura da motar nan.

Sola ta fi dacewa da Arewa. Mai yin kilomita 40 a rana yana buƙatar kusan yunit 8. Faranti mai wat 550 yana ba da yunit biyu da ɗoriya a rana idan ana goge masa ƙura, don haka faranti huɗu na mota kaɗai sun isa, ban da na gida. Dabarar ita ce a yi cajin da rana tsaka, wuta ta bi ta inbata kai tsaye zuwa mota. Idan sai dare motar ke kwana gida, to sai ka tara wutar a batirin gida tukuna, kuɗin ya ƙaru sosai.

Soket na bango yana ba da kilowat 2.3 a kan amfiya 10. Batir mai yunit 60 zai ɗauki fiye da kwana guda kafin ya cika daga ƙasa, amma don mayar da yunit 8 na yawon yini, awa huɗu ta wadatar. Idan kana son sauri, sai akwatin caji na bango mai amfiya 32, wanda ke ba da kilowat 7.4, ya cika batirin nan cikin awa takwas zuwa tara. Wannan yana buƙatar layinsa shi kaɗai daga allon rarraba wuta, da wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 6, da birekarsa, da na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zirarewa. Kada a yi amfani da wayar ƙari ta kasuwa. Caji jan wuta ne na awanni ba hutawa, kuma wurin haɗi mai sako-sako shi ke fara ɗumi har roba ta narke. Ka sa hannu a kan fulogin bayan rabin awa. Idan ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, ka cire.

Ga abin da ke hana motoci da yawa caji a gidajenmu: rashin atin. Cajar motar tana duba ko akwai wayar da aka haɗa da ƙarfen da aka binne a ƙasa, idan babu sai ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. Gidaje da yawa ramin soket na uku fanko ne. A sa mai gyaran wuta ya kafa ƙarfen atin na gaske, kada ya yi wa cajar dabarar da za ta yaudare ta.

Daga wace ƙasa ta fito

Bakin cajin mota ya danganta da kasuwar da aka ƙera ta dominta. Ta Amurka tana zuwa da J1772 da CCS1, ko bakin Tesla. Ta Turai tana da Type 2 da CCS2. Ta Sin tana da GB/T. Nissan Leaf ta kafin samfurin 2026 kuwa CHAdeMO take amfani da shi wajen caji mai sauri, kuma wannan baki yana ta ɓacewa. A gida ba wata damuwa, ka sayi caja mai bakin motarka. Damuwar tana tashar caji ta haya: ka je ka ga bakin da ke tashar garinku da idonka kafin ka zaɓi mota, domin adaftar caji mai sauri tana da tsada kuma ba kullum take aiki ba. Cajar da ke zuwa a but ɗin motar Amurka, ka karanta rubutun jikinta. Idan 120V kaɗai aka rubuta, wutarmu ta 230V za ta ƙone ta.

Motocin Ingila da Japan sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuma ta hana shigo da irinsu. Kada wani ya ce maka za a juya. Wasu motocin Sin suna zuwa da allo cikin harshen Sinanci da manhajar waya da ba ta buɗewa sai da lambar can, ka tambaya tun wuri.

Batirin shi ne motar

Yawancin kamfanoni suna ba batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, da alƙawarin ba zai sauka ƙasa da kashi 70 cikin ɗari ba. Ka ɗauka wannan garanti ya ƙare ranar da motar ta hau jirgin ruwa. Don haka kai ne za ka auna.

Abu na farko shi ne yadda ake sanyaya batirin, kuma a ƙasa mai zafin Sakkwato da Maiduguri wannan ya fi launi da shekarar ƙira muhimmanci. Tesla, Chevrolet Bolt, Hyundai Kona da Ioniq 5 duk suna sanyaya batir da ruwa. Nissan Leaf daga 2011 har samfuran da suka cika kasuwar na hannu ba ta da wannan; zafin yana fita ne ta jikin akwatin kawai. Tun 2012 masu Leaf a birnin Phoenix na jihar Arizona, inda zafi ke kama da namu, suka koka da saurin raguwar batirinsu. Leaf tana cikin mafi araha a gwanjo, kuma wannan ne dalili. Tana iya yi wa mai zirga-zirgar cikin gari da ke ajiye ta a inuwa, amma ba motar Kano zuwa Kaduna ba ce. A allon Leaf akwai sanduna 12 masu nuna lafiyar batir. Ta farko tana ɓacewa idan ya sauka wajen kashi 85. Mai sanduna tara ko ƙasa, ka wuce.

Na biyu, sinadarin. Batirin LFP, irin na motocin BYD da wasu Tesla Model 3 masu gajeren zango daga 2021, ya fi jure zafi kuma ba ya damuwa da a cika shi ɗari bisa ɗari. Batirin NMC ya fi zango a nauyi ɗaya, amma yana so a tsayar da cajin yau da kullum a kashi 80, kuma kada a bar shi cike a rana.

Lambar kilomitar da mota ke nunawa a dashbod ƙiyasi ne daga tuƙin baya-bayan nan, kada ka yi ciniki a kanta. A sa ƙaramar na'urar OBD, mai karanta bayanan kwamfutar mota, a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, a haɗa ta da manhajar waya irin LeafSpy ko Car Scanner. Ka duba lafiyar batir: mota mai shekara uku zuwa biyar ya kamata ta nuna kashi 85 ko sama. Batirin tarin ƙananan ƙwayoyi ne, ka duba kuma ratar da ke tsakanin ƙwaya mafi ƙarfi da mafi rauni. Milibolt goma ko ashirin ba komai ba ne. Idan ratar ta buɗe ta haura ɗari lokacin da caji ya yi ƙasa, akwai ƙwaya mai mutuwa, kuma irin wannan mota ce ke nuna saura kashi 20 ta mutu a tsakiyar titi, domin ƙwaya mafi rauni ita ke yanke wa dukan batirin hukunci.

Sannan ka yi gwajin titi da lissafi, don ana iya share bayanan kwamfutar mota ta nuna lafiyar ƙarya na ɗan lokaci. Ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka rubuta kason caji, ka yi doguwar tafiya da esi a kunne. A ce ka yi kilomita 100, motar ta nuna ta ci yunit 16, caji ya sauka daga kashi 90 zuwa 58. Kashi 32 ke nan ya ba da yunit 16, wato cikakken batirin yunit 50 ne. Idan sabuwarta tana ba da 58, saura kashi 86. Tafiyar minti goma a bayan gareji ba ta nuna komai.

Tarihinta da cikinta

Kaso mai yawa na motocin Amurka da ke isowa ƙasar nan daga gwanjon Copart da IAA suke, wato waɗanda inshora ta fid da rai da su. A motar fetur, bugun gaba aikin mai gyaran jiki ne. A motar lantarki, ka karɓi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka nemo rahoton Carfax mai nuna tarihin mota, da hotunan gwanjon. Duk wadda aka rubuta ambaliya ta shafa, ka bar ta ko nawa ce. Bayan guguwar Ian a Florida a 2022, motocin lantarkin da ruwan gishiri ya shiga sun riƙa kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye, saboda gishirin yana haɗa wayoyin cikin batir. Saye daga hoton dillali ba tare da wannan rahoto ba, cinikin kifi ne a ruwa.

Da lambar nan kuma za ka ga ko an yi gyaran da kamfani ya kira a yi. An janye dukan Chevrolet Bolt na 2017 zuwa 2022 saboda haɗarin gobarar batir, an kuma yi wa Kona ta farko irin haka a 2021. Wadda aka sauya wa batir ta zama abin nema, domin batirinta ya fi jikinta ƙuruciya. Wadda ba a yi wa ba, a nan babu mai yi maka kyauta.

A hau da motar kan rami ko a ɗaga ta. Batirin shimfiɗe yake a ƙarƙashi daga gaba zuwa baya. Ɗan karce a murfin roba ba laifi. Lotsewa a ƙarfen akwatin, tsagewa, alamar walda, ko danshin ruwan sanyaya, kowanne ya isa a fasa ciniki. Ka auna tsayinta daga ƙasa: Model 3 ba ta kai santimita 15 ba, ka tuna da tudun rage gudu da kwatamin layinku. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarfen ƙarƙashin kujeru ko da tsatsa.

A gwada esi da kyau, domin a motoci da yawa kwamfuresar nan ita ce ke sanyaya batir ma. A jona motar a caji a gabanka, na gida da mai sauri idan akwai, a bar ta rabin awa. Tayoyi suna saurin cinyewa saboda nauyi, ka sa kuɗin huɗu a lissafi. Ƙaramin batir mai bolt 12 kuwa, ka canza shi da isowarta. Makonnin jirgin ruwa da zaman tasha suna kashe shi, kuma idan ya mutu motar ba ta tashi ko da babban batir cike yake. Ka gaya wa mai turowa ya loda ta da caji wajen rabi. Idan Tesla ce, mai ita na baya ya cire ta daga asusunsa kafin ka cika kuɗi, in ba haka ba wayarsa ce ke riƙe da motarka.

Kafin ka biya, ka nemo wanda zai gyara ta, ka je garejinsa ka ga kwamfutarsa da safar hannunsa ta roba mai hana wuta. Wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da bolt 400, wasu 800, ba wurin koyon aiki ba ne. Ka tambaye shi inda yake samo kayan gyaran samfurin da kake so da kwana nawa suke yi a hanya. Ka ajiye aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kuɗin motar don caja, wayarin, tayoyi da ƙaramin batir. Ka kuma riƙe lambar mai janwe da ke ɗora mota gaba ɗaya a bayansa, domin jan motar lantarki da igiya tayoyinta na juyawa yana sa injinta ya haifar da wuta, ya lalata inbatar cikinta.