Kafin ki ce madarar ce ba ta karɓe shi ba

Sau uku a watan nan ana kawo min jariri cikin zane, ciki ya kumbura kamar ganga, kakarsa na cewa, "Yaya, madarar nan ba ta karɓe shi ba, wacce za mu canza?" Ni ba likita ba ce. Abin da ya sa ake zuwa wurina, ni na raini ɗan ƙanwata da madarar gwangwani tun yana da kwana 9, bayan Allah Ya yi mata rasuwa tana jego, a ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Duk wadda ta zo sai in ce ta haɗa madarar a gabana in gani. Kafin ta gama haɗawa galibi na ga inda ciwon yake, kuma ba kasafai yake cikin gwangwanin ba.

Awo ne ya fara kayar da ni. Madara da tsada, mai gida manomi ne, sai na yi dabara irin ta tuwon gidan yawa. Inda gwangwani ya ce cokali 4 a ruwa mililita 120, ni sai in sa 2. Yaro ya sha ciki ya cika, ya yi ta fitsari, ya yi ta kuka, ni kuma ina cewa rigima ce ta maraya. Ranar rigakafi ma'aikaciyar ta ɗora shi a sikeli, ta duba katinsa, ta tambaye ni kwana nawa gwangwani mai giram 400 yake yi mana. Na ce kwana 10, har da alfahari. Ta ajiye biro ta ce, "Baiwar Allah, ruwa kike ba shi." Jariri ɗan wata 2 yakan tashi da irin wannan gwangwanin cikin kwana 4 ko 5. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ma, wata 6 na farko suna cin garin madara kusan kilo 20. Duk mai nono a ƙirjinta da ke sha'awar fida don ta ga matar birni da ita, ta fara yin wannan lissafin.

Tsoro ya sa na koma ɗaya ɓarin. Na riƙa cika cokali har da toliya, in danna, in ƙara ɗaya wai ya rama abin da ya rasa. Kwana 3 babu kashi. Da ya zo kuwa, ƙwaya-ƙwaya kamar kashin awaki, yaro na ihu, har da ɗan zaren jini. Madara mai kauri jan ruwan jikin yaro take yi, ta busar da kashi, ta ɗora wa ƙodarsa aikin da ya fi ƙarfinta. Surukata ta fere sabulu ta ce a sa masa a dubura. Kada ki yarda, ko wace ce ta faɗa. Gyaran yana hannunki: ruwa ake fara zubawa har ya kai layi, sannan gari, da cokalin da ya zo cikin wannan gwangwanin, a share samansa da bayan wuƙa mai tsabta. Yawancinsu cokali 1 ne a mililita 30, amma ki sa a karanta miki naki. Ni jan farce na ɗiga a bayan fidar daidai layin, kuma da ƙarfi nake ƙirga cokulan, don in ana yi min magana sai lissafi ya ɓace.

Kuskure na biyu shi ya kusa raba ni da yaron, kuma har yau in na ga ana yin sa raina ɓaci yake yi. Ragowa. Ya sha rabi ya yi barci, ki rufe fida ki tura gindin randa wai akwai sanyi, da la'asar ki girgiza ki ba shi. A bazarar Jigawa! Haka na yi cikin watan Afrilu, saboda ganin asarar zubarwa. Ya kwana biyu yana zawo kamar an buɗe famfo, aka ce min haƙori ne. Ɗan wata 3, wane haƙori? Sai da maɗigarsa ta faɗa, idanu suka zurma, muka ɗauke shi a babur da tsakar dare, aka yi ta neman jijiya don ƙarin ruwa. Kuɗin da muka kashe ya sayi gwangwani nawa, ban ma son tunawa.

Garin madara, ko sabon buɗewa ne, ba a raba shi da ƙwayoyin cuta, kuma da ya haɗu da ruwa da yawun yaro da zafi sai su hayayyafa. Ki tafasa ruwa ya yi ɓulɓul, na rijiya ne ko na burtsatse ko na leda, duk ɗaya. Kada ya wuce minti 30 da saukewa, don a haɗa yana da zafin digiri 70 ko fiye. Ki tsoma mazubin a ruwan sanyi ya huce, ki ɗiga a bayan hannunki ki ji. Abin da ya kai awa 2 da haɗawa na kaji ne, ni kuwa wanda bakinsa ya taɓa ko awa ɗaya ba na bari ya yi. Tun daga wannan daren nake ajiye tafasasshen ruwa a filas, in haɗa kaɗan-kaɗan. Fidar ma daga baya na jefar da ita na koma ƙaramin kofi, don duk wankin da za ki yi wa kan robar nan sai kin shinshino tsami. Wasu ba su yarda da ni a kan kofin ba, su suka sani, amma su riƙa tafasa fidar kullum.

Sauran kuma ga su nan. Madarar shayi ta leda da nonon shanu ba abincin jariri ba ne sai ya shekara. Zuma ma haka. Koko a fida, har a faɗaɗa hujin da allura mai zafi, kafin wata 6, neman kumburin ciki ne da ƙwarewa. Jiƙo da dauri, ku yi haƙuri iyayenmu, cikin bai kai ba. Ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, tumbiɗi zai ragu. Gwangwanin da aka buɗe kada ya wuce wata ɗaya. Kashi mai kore-kore ba ciwo ba ne, sinadarin ƙarfe ne na cikin madarar, kuma yaron da ya yi nishi fuska ta yi ja amma kashin ya fito da laushi lafiyarsa ƙalau.

In zawo ya zo kada ki tsayar da madara, kada ki tsinka ta, kada kuma ki aika yaro kemis ya sayo Flagyl. Ki ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, da ƙwayar zinc: miligiram 10 a rana ga wanda bai kai wata 6 ba, 20 ga wanda ya wuce, har kwana 10 zuwa 14. Amma in kin ga jini a kashi, ko amai kore, ko kashi fari fat, ko ciki ya yi tauri yana ƙyalli, ko ya ƙi sha, ko ya yini bai jiƙa zane ba, kada ki biyo ta gidana, kada ki jira mai gida ya dawo daga gona. Goya shi ki nufi asibiti, a sanar da mai gidan a hanya.