Yadda Kirista Baƙo a Legas Zai Fahimci Sakramentai Kafin Ya Kusanci Teburin Wata Ikilisiya

Kiristan da ya taso daga Kafanchan, Fankshin, Numan ko Garkida ya zo Legas neman abinci yakan shiga majami'ar da ta fi kusa da ɗakinsa, musamman idan ya ji ana waƙa da Hausa, a Agege ne, ko Obalende, ko Idi-Araba, ko cikin barikin sojoji da na 'yan sanda. Wannan ba laifi ba ne, amma ranar da aka fito da gurasa da ƙoƙo, ko ranar da ya samu ƙaruwa, ko ya tashi aure, zai tarar cewa ikilisiyoyi ba su ɗauki waɗannan al'amura da ma'ana guda ba. Idan kana cikin irin wannan hali, ka san koyarwar ikilisiyar da ta yi maka baftisma, ka san ta wadda kake sujada a cikinta yanzu, sannan ka yi tambaya tun ranar bukata ba ta zo ba.

Ka fara da ma'anar abin. Sakramenti alama ce da ido yake gani, irin su ruwa, gurasa, ruwan inabi da mai, wadda take nuna alherin Allah da ido ba ya gani, kuma ana danganta asalin wannan bayani ga Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a shekara ta 430. Ɗariƙar Katolika tana da guda bakwai: baftisma, tabbatarwa, Jibin Ubangiji, furta zunubi a gaban fada, shafa wa marar lafiya mai, naɗin masu hidima, da aure. Majalisar Trent, babban taron shugabannin Katolika, ta tabbatar da wannan adadi a 1547, bayan Martin Luther ya ƙalubalance shi a 1520. Ikilisiyoyin da suka fito daga gyaran da Luther ya fara sun tsaya a kan biyu, baftisma da Jibin Ubangiji, da hujjar cewa su ne Yesu ya umarta da bakinsa, kamar yadda yake a Matiyu 28:19 da 1 Korintiyawa 11:23-26. Sai dai bambancin da ya fi adadi nauyi shi ne wannan: Katolika sun gaskata Allah yana aiki ta cikin sakramentin kansa, yana ba da alherin da alamar take nunawa, yayin da ikilisiyoyin bishara da yawa, irin su ECWA, suke ɗaukarsa a matsayin biyayya da shaidar bangaskiyar da ta riga ta zauna a zuciya. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai gane dalilin kusan duk wata doka da zai ci karo da ita.

Daga nan ka binciki baftismarka, domin ita ce ƙofar sauran duka. Tambayoyi uku za a yi maka a duk inda ka je: wace ikilisiya ce ta yi maka, kana jariri ne ko ka yi wayo, kuma an yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki? Katolika, Angilikan da Lutheran suna yi wa jarirai baftisma, kuma zuba ruwa a ka ya wadatar a wurinsu. ECWA, wadda tushenta ya ratsa ta Legas ɗin nan tun da 'yan mishan Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Disambar 1893, tana miƙa jarirai ga Allah cikin addu'a, tana kuma jira har mutum ya furta bangaskiya da bakinsa, ya shiga ajin baftisma, sannan a nutsar da shi cikin ruwa, bisa hoton mutuwa da tashi tare da Almasihu da ke Romawa 6:3-4. EYN kuwa, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta faro a Garkida a 1923, tana nutsar da mutum sau uku. Saboda haka wanda aka yi wa baftisma yana jariri, idan ya koma ikilisiyar da take nutsarwa, ana iya neman ya shiga aji a yi masa irin tasu. Katolika ba sa maimaita baftismar da aka yi da ruwa da sunan Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ko da a wata ɗariƙa aka yi ta, amma za su nemi shaida.

Shaidar nan ita ce katin baftisma, kuma a ganina babu takardar da masu ci-rani suke sakaci da ita kamarta. Sau da yawa tana can ƙauye a ƙasan akwatin iya, a naɗe cikin leda tare da katin allurar rigakafi, tawada ta koɗe har sunan fasto ba ya karantuwa. Ka aika a nemo ta yanzu. Idan ta ɓata, a je ikilisiyar da aka yi baftismar a duba babban littafin rajista, a rubuto sabuwa mai hatimi. Ka haɗa da takardar shaida daga fastonka na gida wadda take nuna cewa kai cikakken memba ne, ba ka ƙarƙashin horo, domin dattawan ikilisiya a Legas ba su san ka ba, kuma da wannan takarda za su karɓe ka.

Jibin Ubangiji shi ne inda aka fi yin kuskure, domin mutum yana ganin layi ya tashi sai ya bi. A Katolika an gaskata cewa bayan addu'ar fada a lokacin Misa, gurasa da ruwan inabi sun zama jiki da jinin Almasihu na haƙiƙa, don haka ba a ba wanda ba ɗan ɗariƙar ba, sai a wasu yanayi ƙalilan da doka ta keɓe. Shi kansa ɗan Katolika dole ya ƙaurace wa ci da sha na awa ɗaya kafin ya karɓa, ban da ruwa da magani, kuma idan ya san yana ɗauke da babban zunubi sai ya fara furtawa. Lutheran ma sun gaskata Almasihu yana nan da gaske cikin gurasa da ƙoƙo, ko da yake bayaninsu ya sha bamban. A ikilisiyoyin bishara kuwa jibin tunawa ne da mutuwar Ubangiji, akan yi amfani da abin sha marar barasa, kuma fasto yakan sanar da waɗanda aka gayyata, galibi masu baftisma da ba sa ƙarƙashin horo. Ka saurari wannan sanarwa da kyau. Idan ba ka tabbata ba, ka zauna a kujerarka kana addu'a, bayan an tashi ka sami fasto ko katikis ka ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan ikilisiya kaza ne, an yarda in ci jibi a nan?" Matambayi ba ya ɓata, kuma Bulus da kansa ya gargaɗi mutum ya gwada kansa kafin ya ci, a 1 Korintiyawa 11:28.

Tabbatarwa, a Katolika da Angilikan, ita ce ɗibiya hannun bishop a kan mai baftisma domin ƙarfafawar Ruhu Mai Tsarki, kuma tunda galibi sai bishop ya kawo ziyara ake yi, a rubuta sunan yaro a aji da wuri. Furta zunubi wajibi ne a kan ɗan Katolika aƙalla sau ɗaya a shekara tun Majalisar Lateran ta Huɗu a 1215, kuma an haramta wa fada ya bayyana abin da ya ji ko da ransa zai salwanta.

Aure yana bukatar shiri mai tsawo, musamman a Legas inda saurayi ɗan ECWA da budurwa 'yar Katolika suke haɗuwa a wurin aiki ɗaya. Katolika suna ɗaukar auren masu baftisma biyu a matsayin sakramenti wanda ba ya warwarewa idan ya cika, kuma auren ɗan ɗariƙar da Kirista na wata ɗariƙa yana bukatar izinin bishop, tare da alkawarin ɗan Katolikan cewa zai yi iyakar ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'ya baftisma a rene su a cikin ɗariƙar. Wannan magana ce da ya kamata masu neman juna da iyayensu su zauna a kai tun kafin a kai sadaki. Za a kuma nemi sabuwar takardar baftisma daga cocin da aka yi ta, domin a littafin can ake rubuta tabbatarwa da aure. Ban da dokar ikilisiya akwai ta ƙasa: Dokar Aure ta Najeriya ta tanadi a ba da sanarwa a ofishin rajista a jira kwana 21, kuma a ɗaura auren a ofishin ko a majami'ar da take da lasisi. Ka tambaya ko majami'arku tana da shi, domin ba kowace ce take da shi ba.

Shafa mai ga marar lafiya ya samo tushe daga Yakubu 5:14, inda aka ce a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a su shafa mai cikin sunan Ubangiji. Mutane da yawa suna jin tsoron kiran fada don sun ɗauka alamar mutuwa ce, alhali Majalisar Vatican ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta bayyana cewa ba na masu fitar rai kaɗai ba ne; mai tsananin ciwo, da tsoho mai rauni, da wanda za a yi wa babbar tiyata duk suna iya karɓa. A garin da cunkoson motoci yake iya tsare mutum awa biyu tsakanin Agege da asibitin koyarwa na Idi-Araba, ka kira tun majinyaci yana cikin hayyacinsa, ka faɗi sunan ɗakin jinya da lambar gado, ka kuma faɗi ko zai iya haɗiye abu. Idan jariri ne yake bakin mutuwa kuma iyayensa Katolika ne, koyarwarsu ta yarda kowa ya yi masa baftisma, muddin ya yi niyyar yin abin da ikilisiya take yi, ya zuba ruwa a kansa yana ambaton sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, daga baya a sanar da fada domin a shigar a rajista.