Kurakuran da ke ɓata samfurin nama kafin ya kai gaban madubi

Idan likita ya leƙa madubin ƙara girman abu (maikuroskof) don duba naman da aka ciro daga jikin majiyyaci, ya ga ƙwayoyin halitta sun yi hazo-hazo, launi bai zauna ba, mai rina naman a ɗakin gwaji ake fara tuhuma. Sau da yawa kuwa ɓarnar ta auku ne tun a ɗakin tiyata, a sa'o'in farko bayan cire naman, kuma irin wannan ɓarna ba ta gyaruwa.

Nama yana fara narkar da kansa da zarar jini ya daina isa gare shi, zafin ƙasarmu kuma yana ƙara wa abin sauri. Saboda haka ya shiga fomalin, ruwan da ke adana nama, nan take, kada a wuce awa ɗaya. Ruwan gishirin asibiti ba ya adana nama. Sifirit yana tsuke shi ya taurara, firiza kuma tana sa ƙanƙara ta huhhuje ƙwayoyin. Abin da ake so shi ne fomalin mai kashi 10: awo ɗaya na mai ƙarfin 37 zuwa 40 da ake sayowa, a awo tara na ruwa, sannan a kowace lita a zuba gishirin fosfet iri biyu, giram 4 na mai sodiyam ɗaya da giram 6.5 na mai sodiyam biyu. Idan aka tsallake gishirin, ruwan yana yin tsami, ya haɗu da jini ya bar ɗigo-ɗigo baƙaƙe a kan naman. Wannan ɗigon ya yi kama ƙwarai da wanda zazzaɓin cizon sauro ke bari a hanta, saifa da mabiyiya, don haka a wajenmu yana iya rikitar da mai dubawa.

Yawan ruwan ma ana wasa da shi. Ya kamata ya ninka girman naman sau 10 zuwa 20, a cikin roba mai faɗin baki. Naman da aka cusa ta ƙaramin bakin kwalba yana da taushi, idan ya taurara ba ya fitowa sai an fasa kwalbar. Fomalin kuma ba ya ratsa nama da sauri: kusan milimita ɗaya a awa, yana ƙara nawa yayin da yake nitsawa. Mama ko mahaifa da aka jefa ɗungurungum, bayanta zai kamu, cikinta ya ruɓe, kuma a cikin ne ƙarin yake. A tsattsaga babban nama da tazarar santimita ɗaya, hanji a buɗe shi a wanke. Wannan ya fi zama dole ga samfurin da zai yi doguwar tafiya daga ƙaramin asibiti zuwa asibitin koyarwa a Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri. Ga kansar mama, ƙa'idar ita ce awa 6 zuwa 72 a cikin fomalin, domin gwajin da ke nuna maganin da zai yi wa mace aiki ya dogara da haka. A rubuta lokacin da aka cire naman da lokacin da ya shiga ruwan a takardar da ke rakiyarsa.

A wajen yanka, kaurin abin da za a sa a kaset, wato ɗan akwatin roba mai ramuka da ake sarrafa naman a ciki, kada ya wuce milimita 3 zuwa 4. Lambar samfurin kuma da fensir ake rubuta ta a jikin kaset, don tawadar biro tana wankewa a alkohol da zailin.

Matakin cire ruwa a hankali ake hawansa: alkohol 70, sai 95, sai tsantsa, sai zailin mai fitar da alkohol, sai kakin farafin da ke daskarewa da naman a ciki ya zama bulo. Idan alkohol na ƙarshe ya tsufa ya sha ruwa, kakin ba zai shiga ba, tsakiyar bulon ya yi laushi ya lotsa bayan kwana biyu. Idan kuma kakin ya yi zafi fiye da digiri 60 da 'yan kai, naman ya dahu, ya riƙa farfashewa a bakin wuƙa. Idan wuta ta ɗauke injin da ke bi da naman ta waɗannan matakai yana tsakiyar aiki, kada a bar kaset a rataye a iska ko ya kwana a zailin. In bai wuce matakin alkohol ba, a ajiye shi a na kashi 70 har wuta ta dawo.

A maikurotom, injin da ke yanka bulon siriri, kaurin yanka maikuron 3 zuwa 5 ne (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Layi a tsaye yana nufin wuƙa ta yi giɓi ko akwai ɗan ƙashi a naman. A matsa zuwa sabon baki. Layuka a kwance kamar matakala suna nuna wani abu bai ɗauru ba, ko bulon bai yi sanyi ba. Ruwan ɗumin da ake shimfiɗa yankan a kansa kafin a ɗauke shi da gilashi ya tsaya a digiri 40 zuwa 45, kuma a share samansa da takarda bayan kowane bulo. Ɓarɓashin naman wani da ya maƙale a gilashin wani zai iya sa a ce wa mai lafiya yana da kansa.

Shi rinin kansa, yawancin matsalolinsa suna gyaruwa, domin ana iya wanke launi a sake. Farin tabo da ya ƙi karɓar launi ragowar kaki ne: a koma zailin mai tsabta, kwano biyu ko uku. Hematoksilin, rinin da ke mai da cibiyar ƙwaya shuɗiya, irin na Harris a tace shi kullum, in ba haka ba yanar da ke samansa za ta zauna a kan naman. Tsomawa a alkohol mai asid kashi ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. Aka daɗe, cibiyar ƙwaya ta koɗe. Idan ta fito ja-ja maimakon shuɗi, ba a bar ta a ruwan famfo mai gudu yadda ya isa ba. Iyosin kuwa, rini na biyu mai ba sauran naman launin ja-ja, yana son ɗan tsami, wajen 4.6 zuwa 5 a ma'aunin pH, shi ya sa ragowar ruwan amoniya, wanda wasu ke amfani da shi wajen fito da shuɗin, in ba a ɗauraye ba, yake kashe masa kaifi. Ɗigon asid na asetik yana dawo da shi.

Idan zailin na ƙarshe ya yi fari kamar madara lokacin da gilashi ya shiga, akwai sauran ruwa a jikinsa. A canja alkohol da zailin ɗin gaba ɗaya, a sake bi da gilashin, sannan a ɗiga DPX, gam ɗin da ke riƙe murfin gilashi, a rufe tun naman bai bushe ba.