Kurakuran da aka fi yi wajen saka silikon a roba don ta jure wuta

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar silikon (silicone, sinadarin da ke zuwa kamar mai ko danƙo) a matsayin maganin wuta mai cin gashin kansa. Silikon ba ya kashe wuta. Idan roba ta kama, tasowa yake yi sama ya ƙone, ya bar farar toka ta silika, ita kuma ta haɗu da gawayin robar su yi ɓawon da zai tare zafi da iska. To, robar da ba ta yin gawayi fa? Polietilin da polifirofilin narkewa suke yi su ƙone ƙurmus, ba sa barin abin da tokar za ta kama. Shi ya sa a rigar wayar lantarki da aka yi da irin waɗannan robobi, garin aluminiyam haidroksaid ko magnesiyam haidroksaid ne ke ɗaukar nauyin aikin, don yana sakin ruwa idan ya ji zafin wuta; ana zuba shi har wajen kashi 60 cikin 100. Silikon ɗan rakiya ne, da wuya ya wuce kashi 5: yana sa garin ya baje, ɓawon kuma ya yi ƙarfi. Robar polikabonet ce, mai yin gawayi da kanta, ke amfana da shi sosai.

Sai masu cewa silikon duk silikon ne. Mai ruwa-ruwa, wanda ya yi kama da man keken ɗinki, ba ya zama a cikin roba. Bayan ’yan kwanaki za ka ji kayan suna maiƙo, ka goga babban yatsa a kan rubutun da aka buga ya goge, fenti ya ƙi kamawa. Tun a cikin inji ma robar ke santsi, ta rage fita. Gyaran shi ne a sayi mai kauri kamar danƙo, wanda aka riga aka cuɗa da roba aka yi ƙwayoyi, a kuma tabbata robar da ta ɗauko shi danginta ɗaya da taka. Idan polikabonet garau kamar gilashi kake so, nemi silikon mai ɗauke da sinadarin fenil; na gama-gari yana sa ta hazo.

Ƙara yawa kuma ba ya ƙara kariya. In ya yi yawa, roba na yin laushi, ta riƙa ɗiga da wuta a jikinta.

Wani laifin ma ba na silikon ba ne, shi dai ake ɗora wa. Polikabonet da ba a busar ba tana lalacewa a inji, ta tsinke, ta fi saurin ɗiga. A busar da ita a zafin digiri 120 a ma’aunin Celsius na kimanin awa 4. Aluminiyam haidroksaid kuwa yana fara sakin ruwansa daga wajen digiri 200. Robar da sai an zarce haka take narkewa, magnesiyam haidroksaid za a ba ta, shi yana jurewa har wajen 300.

Gwaji da ashana a bayan masana’anta ba gwaji ba ne. A ma’aunin UL 94, wanda ake auna jure wutar roba da shi, ana kara wa sandar roba wuta na daƙiƙa 10, sau biyu. Kafin ta sami darajar V-0, dole wutar ta mutu cikin daƙiƙa 10, kuma kada ɗigonta ya kunna audugar da aka shimfiɗa a ƙasa. Darajar na tafiya ne da kauri: haɗin da ya ci V-0 a milimita 3 na iya faɗuwa a 1.5. A gwada da kaurin wurin da ya fi siranta a jikin kayan, a kuma sake gwadawa duk lokacin da aka canja launi.