Yadda za ka ɗauki hoton ƙananan dabbobin da ba sa tsayawa

Wanda ya bi kurege a guje da kyamara a hannu, hoton wutsiya zai samu, in ma ya samu. Ƙananan dabbobi kusan duk abincin wani ne, shi ya sa kullum a tsorace suke. Ba za ka fi su sauri ba, sai dai ka riga su isa inda za su je.

Kowannensu kuwa yana da wurin komawa. Ƙadangare yana da dutsen da yake shan hantsi a kai. Ƙudan zuma in ya sami fure mai daɗi, zai yi ta dawowa. Kurege in ya faɗa rami, ka zauna shiru, zai leƙo, sau da yawa har ya miƙe kan ƙafafun baya yana dube-dube, kuma wannan tsayuwar ita ake nema. Ni in na je sabon wuri, kallo nake fara yi, in gane wa ke zama a ina, da wane lokaci, sannan in zaɓi inda rana za ta kasance a bayana.

Ka yi sammako. Ƙwari da masu rarrafe daga rana suke samun ɗumin jiki, don haka da sanyin safiya malam buɗe littafi yana nan maƙale a ciyawa, raɓa a fukafukinsa, ya kasa tashi. A lokacin iska ma ba ta taso ba, wadda ita ce babbar abokiyar gabar mai ɗaukar ƙwaro a kan ganye.

Kada ka tunkari dabba kai tsaye. Ka matsa kaɗan, ka tsaya, ka sake matsawa, kuma kada inuwarka ta faɗa kanta. Ka kashe ƙarar kyamara. Sannan ka kwanta rub da ciki har idon kyamara ya yi daidai da nata. Kaya za su yi datti, gwiwa za ta yi tsami, amma hoton da aka ɗauka daga sama ba shi da rai.

Ga tsuntsu da kurege, gilashi mai jawo nesa na milimita 300 zuwa 400 ya wadatar. Ka sa saurin ɗauka a 1/1000 na daƙiƙa, in tsuntsun yana sama ka kai 1/2000. In haske ya gaza, ɗaga ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara, ba tare da fargaba ba. Ɗigo-ɗigon da hakan ke jawowa a hoto ana rage shi a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa ya tafi ke nan.

Ƙwari su ne masu wuya. Da gilashin makro, wato na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, na milimita 90 zuwa 105, in ka matsa iya matsawa a f/8 (f ma'aunin buɗin ƙofar da haske ke shiga gilashi ne), abin da zai fito tar bai wuce kaurin milimita ɗaya ba. Numfashinka kaɗai ya isa ya kawar da saitin, wato wurin da ke fitowa tar, daga ido zuwa ƙafa. Ni a nan kashe saitin atomatik nake yi, in dafe gwiwar hannu a ƙasa, in riƙa matsar da jikina gaba da baya a hankali, da zarar idon ƙwaron ya fito sai in danna a jere. Ka tsaya tsakanin f/8 da f/11, domin in ka wuce f/16 hoton yakan fara laushi. In za ka kunna filasha, sa farar takarda a gabanta don hasken ya yi taushi. Yawancin hotunan sharewa za ka yi, haka abin yake ga kowa.

Ladan yana zuwa ne in ka buɗe hoton a babban allo: garin fure cure a ƙafafun ƙudan zuma, ko gizo-gizo mai tsalle da manyan idanunsa biyu na gaba, ya juyo yana kallonka.

Akwai masu saka ƙwaro a firji don ya sandare su ɗauka, da masu sare reshen da ya rufe sheƙa. Ban yarda da ko ɗaya ba. Sheƙar da aka tone ta zama ta shaho da maciji, uwa kuma tana iya guje wa ƙwanta. In tsuntsu ya fara kuka yana kewaya kanka, ka ja da baya.

Mai wayar hannu kawai ya fara da dodon koɗi ko hawainiya, su ba sa gaggawa.