Yadda ake zama ɗan kulob ɗin masu fatsar kifin tirawut a Ingila

Tirawut kifi ne na ruwan sanyi mai gudu a kan tsakuwa, jikinsa da ɗigo-ɗigon baƙi da ja. A Ingila kusan kowane yanki na kogi da mai shi, don haka talaka mai son fatsa yakan shiga kulob ne, wato ƙungiyar da ke karɓar hayar ruwa da kuɗin mambobinta. Ga ɗan'uwa mazaunin can da ke son gwadawa, ga yadda na bi.

Fara da lasisi. Duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin sandar fatsa na Hukumar Kula da Muhalli, ana yankarsa ta intanet, na kwana ɗaya ko takwas ko na shekara. 'Yan shekara 13 zuwa 16 kyauta ne, amma sai sun yi rajista. Wanda aka kama ba shi da shi, tarar na iya kai fam 2,500. Lasisin kuma bai ba ka izinin taka ruwan kowa ba, izinin yana hannun kulob.

Sai ka rubuta wa sakataren kulob ɗin da ke kusa da kai. Irin su kulob ɗin Houghton da ke kogin Test tun 1822 ba na kowa da kowa ba ne, amma ƙananan kulob na gari suna da sauƙin kuɗi, sai dai wasu akwai layin jira. Shawarata: kada ka tsaya jira a gida. Tambayi ranar aikin gayya, ka ce za ka zo ko ba a karɓe ka ba tukuna. Mutanen nan sun fi riƙe fuskar wanda suka ga ya ɗauki shebur a kan sunan da ke kan takarda.

Aikin farko da za ka tarar na hunturu ne, lokacin da aka rufe kamu. Daga Nuwamba zuwa Janairu macen tirawut ke tone tsakuwa da wutsiya, ta zuba ƙwai, ta rufe. Ranar da na fara zuwa, cikin Janairu, sanyi na cizon yatsu, na sa ƙafa zan tsallaka wani wuri marar zurfi sai wani dattijo ya riƙe mini hannun riga. Ya nuna mini wani wuri kamar faɗin tabarmar salla, tsakuwarsa fes, ta fi ta kewaye haske. Ƙwai ne a ƙarƙashi. Taku ɗaya da na yi da na murƙushe su. Tun ranar ban sake shiga ruwa a hunturu ba, aikinmu a gaɓa yake: gyaran gadojin katako da matakalar tsallake shinge, kwashe shara, rage rassan da suka toshe hanya. A gama saran itace kafin Maris, don daga nan tsuntsaye sun fara sheƙa.

A nan sabon shiga ke yawan kuskure, ni ma na yi. Zuciya tana so a share kogi tas. Kada ka yi. Itacen da ya faɗa ruwa mafakar kifi ce daga tsuntsaye masu cinsa, kuma ruwan da ke kewaya shi yana wanke tsakuwa. Ƙungiyar Wild Trout Trust, mai aikin kare tirawut da kogunansa, ma koya wa kulob-kulob take yi su ɗaure irin wannan itacen a bakin gaɓa maimakon su janye shi. Kafin ka yanke komai, tambayi mai kula da ruwan.

Ranar buɗe kamu ta bambanta daga yanki zuwa yanki, tsakanin tsakiyar Maris da farkon Afrilu, a rufe a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba. Duba dokar yankinka da littafin kulob. Yawancin ruwayen tirawut ba a sa tana a ƙugiya. Gashin tsuntsu ake naɗa mata da zare har ta yi kama da ƙwaro, a wurga ta sama da inda kifin yake, ruwa ya kawo masa ita. Idan kana koyo, nemi hutu daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni, lokacin da wani ƙwaro mai kama da shinge ke tasowa daga ruwa, kifi ya fito yana cafka ba ji ba gani.

In ka kama, yawanci saki za ka yi. Danne ɗan haƙorin ƙugiya da filaya tun a gida. Jiƙa hannu kafin ka taɓa kifin, ka bar shi cikin raga a ruwa, ka zare ƙugiya, ka tallafe shi kansa na fuskantar inda ruwa ke zuwa har ya fizge da kansa. Idan zafin ruwa ya doshi digiri 20 a Yuli ko Agusta, naɗe sandarka, domin iskar da ke cikin ruwan ta ragu, kifin da ya sha kokawa da wuya ya farfaɗo. Rubuta abin da ka kama a littafin kulob, ko da babu ne.

Cikin Yuni da Yuli za a sake kiran gayya, don tuge balsam ɗin Himalaya, wata doguwar ciyawa mai jan fure da aka shigo da ita ƙasar a 1839. Tana danne tsirran gaɓa, ta mutu a hunturu ta bar ƙasa tsirara, ruwa ya zaizaye ta, laka ta binne tsakuwar ƙwai. Tuge ta ba wuya, saiwarta ba zurfi. A karya ta a gindi a tara wuri ɗaya, kuma lallai kafin ta yi 'ya'ya, don kwanson da ya nuna fashewa yake ya watsa iri.

Duk ranar da ka fito daga ruwa, duba takalmin robarka da ragarka, ka jiƙa su cikin ruwan zafi na minti 15, su bushe na kwana biyu kafin ka kai su wani kogin. A jikin jiƙaƙƙen takalmi cuta da baƙin ƙwari ke ƙaura. A Satumba kuma ka kawo manjagara, za a sassauta tsakuwa kafin kifi ya zo zuba ƙwai.