Yadda Matafiyi Zai Kauce wa 'Yan Damfara a Wuraren Tarihi da Ɗakunan Ibada

Yawancin mutanenmu na unguwannin Aboabo da Asawasi a Kumasi ta ƙasar Gana da ke zuwa Bankok, babban birnin Tailan, ko Alƙahira fatauci ne yake kai su, amma idan an gama sarin kaya kafin ranar jirgi, mutum yakan so ya zaga gari, kuma a nan ne 'yan damfara suke dakon baƙo.

Kada ka yarda da wanda ya tare ka a titi ya ce wuri a rufe yake, har sai ka isa ƙofa ka gani da idonka. A kewayen Babbar Fadar Bankok, inda ɗakin ibadar Wat Phra Kaew yake, wani mai tsabtar tufafi da daɗin baki zai ce maka an rufe saboda bikin addini, sannan ya kira maka tuktuk, keken nan mai ƙafa uku da muke kira pragya a Kumasi, a kan kuɗi ƙalilan. Arahar ce tarkon, domin direban yana da la'ada a shagunan duwatsun ado da na teloli inda zai sauke ka, a yi ta matsa maka sai ka saya. Fadar tana karɓar baƙi daga ƙarfe 8:30 na safe zuwa 3:30 na yamma. Akwai wuraren da ake rufewa da gaske, kamar Taj Mahal na Indiya ranar Juma'a, saboda haka ka bincika tun kana masauki.

A dalar Giza da ke kusa da Alƙahira kuwa, kafin ka hau raƙumi ka ƙare ciniki tsaf: nawa ne, da fam ɗin Masar ba na Ingila ba, na tsawon wane lokaci, kuma har da saukewa. Kada ka biya sai ƙafarka ta taɓa ƙasa. Duk wanda ya ɗora maka rawani a kai ya ce kyauta ne, ka mayar masa nan take.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake fakewa da sallama, a kira ka ɗan'uwa Musulmi don jikinka ya yi sanyi. Ka amsa sallamar, domin haƙƙi ce, amma ka ci gaba da tafiyarka. Idan 'yan damfara suka tsare ka, kada ka miƙa musu fasfo. Ka kira 'yan sandan kula da baƙi, a 1155 a Tailan, ko 126 a Masar.